Mun kalli tallar muna yara, yanzu an zo sayar mana da hajar

 A wannan makon zan ɗan ajiye maganar takardun zama da tsadar haya, in taɓo wani abu da mutum zai iya ɗauka wasa ne, alhali kuɗi masu kauri ne ke yawo a cikinsa. Ina nufin tara tsofaffin kayan wasan yara, musamman jaruman robar nan na katun ɗin da muka taso muna kallo, irin su He-Man da Voltron da Transformers da kunkurayen nan huɗu mayaƙa, haɗe da fadojinsu da motocinsu da makamansu.

Sha'awar ta fara shigowa cikinmu mu mazauna ƙetare. Za ka shiga falon ɗan'uwa a Manchester ko Houston ko Jidda, magidanci mai 'ya'ya biyu, ka tarar da kabad na gilashi an jera jarumai a ciki, an kuma ja wa yaran gidan kunne kada su kuskura su taɓa. Ba mu kaɗai ba ne. Kamfanin Circana, mai bin diddigin ciniki a Amurka, ya bayyana cewa a watanni ukun farko na 2024, manya 'yan shekara 18 zuwa sama sun kashe wa kansu kimanin dala biliyan 1.5 a kayan wasa, har suka zarce abin da aka kashe wa yara 'yan shekara 3 zuwa 5. 'Yan kasuwa sun gane cewa yaron jiya ya girma, yana karɓar albashi, kuma bai manta da abin da ya so bai samu ba.

Ni ma ina da guda shida da na tara a hankali, saboda haka ba daga waje nake magana ba. Ra'ayina shi ne, wanda yake so ya saya don jin daɗin ransa, da kuɗin da ba zai yi kukan rashinsu ba. Amma duk wanda ya ce maka jari ne, ka tsaya ka ji tarihin hajar tukuna.

Yadda katun ya zama talla

A shekarar 1964 kamfanin Hasbro ya fito da wani sojan roba mai tsawon inci 12, mai gaɓoɓin da ke lanƙwasuwa, ya sa masa suna G.I. Joe. Matsalarsu ita ce, a fahimtar wancan lokaci ɗa namiji ba zai yarda a gan shi da 'yar tsana ba. Sai suka ƙirƙiro masa laƙabin "action figure", wato jarumi mai motsi. 'Yar tsana ce dai aka sa wa kakin soja, amma canjin sunan ya buɗe sabuwar kasuwa.

Sai 1977 ta zo da fim ɗin Star Wars. Kamfanin Kenner ne ya samu izinin yin kayan wasansa, amma farin jinin fim ɗin ya zo masa ba zata, Kirsimeti ta ƙarato babu ko jarumi ɗaya a ƙasa. Sai suka sayar wa iyaye kwali da takarda a ciki, mai alƙawarin za a aiko wa yaro jarumai huɗu ta gidan waya a 1978. Cinikin biri a sama ke nan, kuma mutane suka saya. Kenner ya rage tsawon jaruman zuwa ƙasa da inci huɗu, don su yi araha, kuma a iya ƙera musu jirage da sansanoni daidai girmansu. Daga nan aka gane sirrin: jarumi ɗaya ba ya isar yaro, sai ya nemi abokinsa, da abokin gabarsa, da abin hawansa, da gidansa.

Abin da ya rage shi ne hanyar cusa wa yaro wannan sha'awa kullum. A da, hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, tana sa ido kada a mayar da shirin yara talla. Da Ronald Reagan ya hau mulki a 1981, sai ya naɗa Mark Fowler shugabanta, mutumin da ya taɓa kwatanta talabijin da na'urar gasa burodi mai hoto, wato haja ce kamar kowace, a bar kasuwa ta yi halinta. Zuwa 1984 an sassauta ƙa'idojin talla. Wata mata mai suna Peggy Charren da ƙungiyarta sun yi shekaru suna kukan cewa ana nuna wa yara talla ta rabin awa da sunan nishaɗi, sai a 1990 majalisar ƙasar ta yi dokar da ta sake taƙaita talla a shirin yara. Kafin nan kuwa an riga an sha romon.

Kamfanin Mattel ya fito da He-Man a 1982, wato robar ta riga katun ɗin zuwa duniya da shekara guda. A 1983 ne Filmation ya shirya kashi 65 a tashi ɗaya, yadda za a nuna Litinin zuwa Juma'a har mako 13 ba maimaici, daidai lokacin da yara suka dawo daga makaranta. A ƙarshen kowane kashi sai a ɗan yi nasiha kan gaskiya ko biyayya, don hankalin iyaye ya kwanta. Ko damisar nan koriya da He-Man yake hawa, Battle Cat, tsohuwar damisa ce daga wasu kayan wasan Mattel na baya masu suna Big Jim. Da aka ga ta fi jarumin girma, sai aka sake mata fenti, aka ɗaura mata sirdi.

Transformers kuwa asalinsu kayan wasa ne iri biyu na kamfanin Takara na Japan, Diaclone da Micro Change. Hasbro ya sayo izininsu, ya ba marubutan Marvel aikin ƙirƙiro musu sunaye da dalilin gaba, aka fito da su a 1984. A fim ɗin 1986 aka kashe Optimus Prime da wasu tsofaffin jarumai, yara suka yi ta kuka a silima. Dalilin ba wani mai zurfi ba ne, ana so ne a share kanta a jera sababbi. Su ma kunkurayen, waɗanda Kevin Eastman da Peter Laird suka fara wallafa labarinsu a 1984, kamfanin Playmates na Hong Kong bai yarda ya zuba kuɗi a robarsu ba sai da aka yi katun. Aka nuna kashi biyar a Disambar 1987, kayan wasan suka biyo baya a 1988.

Mu da muka kalla daga nesa

To, ina muka shigo a labarin? Shirye-shiryen sun ƙetaro teku sun iso mu, wasu bayan shekaru. Yayyenmu da suka taso a Najeriya suna ba da labarin jiran NTA ta buɗe tasha da ƙarfe huɗu na yamma, ana ta addu'ar kada a ɗauke wuta kafin zakunan Voltron biyar su haɗe. Mu 'yan baya mun tarar da zamanin satalayit, muka kalli Spacetoon da aka buɗe a 2000 da MBC3 da ta biyo baya a 2004, da Larabcin da rabinsa kawai muke ganewa, sannan Ben 10 ya zo da agogonsa. 'Yan'uwanmu da suka tashi a Saudiyya da Sudan kuwa Grendizer ne gwarzonsu, katun ɗin Go Nagai na Japan na 1975, wanda masu Faransanci suka sani da Goldorak. Har yau ƙaunarsa ba ta gushe ba, don a 2022 an kafa mutum-mutuminsa mai tsawon sama da mita 33 a Riyad.

Bambancinmu da yaron Amurka shi ne, shi idan an gama shirin akwai shagon da zai ja mahaifiyarsa zuwa can. Mu tallar ce kawai ta iso mu, hajar ba ta zo ba. Abin da mafi yawanmu muka samu shi ne na ranar Sallah: a haɗa kuɗin barka da Sallah a sayi bindigar ruwa da tabarau da wani jarumi jabu ɗan Caina, fuskarsa ta Spider-Man, rigarsa ta Batman, kafin a gama yawon Sallah hannunsa ɗaya ya cire. Sauran kwanakin shekara da hannunmu muke yi. Maza su ƙera motar langa-langa ko ta kara, da tayoyin tsohon silifa. Mu mata mu yi 'yar tsana, mu ɗaura mata zani da ƙyallen da muka roƙo wajen tela, mu yi mata biki da tuwon ƙasa.

Wannan ya sa muka zama irin kwastomomin da ɗan kasuwa yake addu'ar samu. Baturen da ya kai shekara arba'in yana neman abin da ya taɓa mallaka ne, ya san nauyinsa a hannu, ya san launinsa, ya san abin da ke cikin kwalin. Mu kuwa muna neman abin da ba mu taɓa riƙewa ba, a gilashin talabijin kawai muka san shi. Sha'awarmu ta fi zafi, sanin hajar kuma ya fi ƙaranci. Mai wannan hali shi ne ya fi saurin biyan kuɗin na asali ya karɓi jabu.

Me ke sa farashi ya hau?

Abu uku ne. Na farko ƙaranci. An buga miliyoyin He-Man, shi ya sa wanda aka yi wasa da shi ba ya wani tsada har yau. Masu tsadar su ne waɗanda aka yi kaɗan. Misali babban gidan wasan nan Eternia na 1986, mai hasumiya uku da ɗan jirgi mai kewaya su, wanda ya fito dab da faɗuwar kasuwar. Haka jirgin ruwan yaƙi na G.I. Joe, USS Flagg, na 1985, mai tsawon ƙafa bakwai da rabi, wanda aka sayar dala 109.99 a lokacin. Iyaye kaɗan ne suka iya saya, kaɗan daga cikinsu kuma suke da ɗakin ajiye shi shekara arba'in.

Na biyu cikar kaya. Fadar Castle Grayskull ba wuyar samu take ba. Abin da ke wuya shi ne a same ta da tsaninta da tutarta da bindigar saman hasumiya da 'yan makamanta, kuma sitikarta ba ta ɓare ba. Ƙananan abubuwan nan su ne suka fara ɓacewa a ƙarƙashin kujera. Shi ya sa za ka ga ɗan takobin da bai kai yatsa ba an sa masa kuɗin da ya kusa na jarumin kansa, wani lokaci ma ya fi.

Na uku, kuma mafi ƙarfi, kwali. Jarumin da ba a taɓa ɓare ledarsa ba yana iya ninka kuɗin buɗaɗɗe sau da yawa. Har kamfanoni ake da su, irin AFA a Amurka, waɗanda aikinsu shi ne su duba abin wasa, su ba shi maki cikin ɗari, su rufe shi a akwatin roba mai kama da gilashi. Ku duba abin mamaki: kasuwar tana girmama abin wasan da babu yaron da ya taɓa jin daɗinsa. Wanda aka yi wa wanka a baho, aka binne a yashi, aka kwana da shi a ƙarƙashin matashi, wato wanda ya yi aikin da aka yi shi dominsa, shi ne mara daraja.

Labarin da ya fi yawo a wayoyi shi ne na Boba Fett mai harba roka, ɗaya daga jaruman Star Wars. Kenner ya yi tallarsa, amma bayan wani yaro ya rasu sakamakon shaƙewa da ɗan harsashin robar wani abin wasa daban, sai aka fasa, aka manne rokar a bayansa. 'Yan samfuran gwaji ne kawai suka tsira. A Mayun 2024 an yi gwanjon ɗaya a kan dala 525,000, a Agustan shekarar kuma wani ya haura dala miliyan 1.3. Irin wannan ke sa mutum ya ɗauka duk robar da ta tsufa zinariya ce. A tuna dai, abu ne da ba a taɓa sayarwa a shago ba.

Maganar jari

He-Man kansa ya ishe mu darasi. A 1986 cinikinsa ya kai kimanin dala miliyan 400, a 1987 ya faɗo zuwa kimanin miliyan 7. Da aka dawo da jaruman Star Wars a 1995, manyan da suka ji labarin tsadar na farko suka yi ta saye suna ɓoyewa da kwalinsu. Da yake kowa ya ɓoye, babu ƙaranci, yau da yawansu ba su wuce kuɗin da aka saye su ba, in ma sun kai. Ko a 2023 kamfanin Funko ya sanar da cewa zai zubar da kayan da darajarsu ta kai dala miliyan 30 zuwa 36, saboda sun cika masa sito suna cin kuɗin ajiya. Tsofaffin sun yi daraja ne saboda babu wanda ya yi tunanin ajiye su. Abin da aka yi tun daga masana'anta don masu tarawa kuwa, da wuya ya bi sahunsu.

Sannan farashi yana bin shekarun masu sha'awa ne. Yau 'yan arba'in zuwa hamsin ne ke da kuɗi, shi ya sa kayan shekarun 1980 ke tashe. Yaron da aka haifa a 2015 bai san Lion-O na ThunderCats ba, kuma babu dalilin da zai sa ya zuba albashinsa a kansa idan ya girma.

Ga kuma ita kanta robar, wadda ba a yi ta don ta daɗe ba. Fara tana komawa ruwan ɗorawa idan rana ta dake ta. Mai laushi tana yin danƙo idan sinadarin da ke sa ta laushi ya fara tsatsowa. Zaren robar da ke riƙe ƙafafun He-Man da ƙugun G.I. Joe yana saki ko ya tsinke. Wasu Transformers masu ruwan zinariya, na ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, suna marmashewa da 'yar taɓawa kaɗan. Batirin da aka manta a ciki yana zubar da ruwa ya cinye wayoyi. Zafi yana gaggauta lalacewar, don haka mai shirin aika kayansa a ajiye masa a ɗakin kwano a Kano ko Maraɗi, da mazaunin Jidda ko Njamena, su san da wannan.

Mu baƙi kuma muna da namu ƙarin lissafin. Yawancinmu haya muke, bana nan, baɗi can. Jakar jirgi kilo 23 ce, rabinta kuma tsarabar 'yan'uwa. Akwai kuɗin makarantar ƙanne, da maganin iyaye, da adashi, da sabunta biza. Gidan wasa mai girman tebur ba ya shiga akwati. Ranar da ka matsu kana neman mai saye cikin mako guda, dillali ne zai yanka maka farashi, shafin da ka sayar a kai ya cire kasonsa, ka biya kuɗin aikawa. Abin da ba za ka iya mayar da shi kuɗi ranar da aka kira ka daga gida ba, bai kamata ka lissafa shi cikin ajiyarka ba.

Ga mai son saye

Duk da haka ban ce a bari ba. Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma akwai tuna bara da ke ƙara wa bana daɗi. Riƙe abin da ka shekara ashirin kana gani a gilashi yana da daɗi na gaske, kuma ba dole ba ne kowane kuɗi ya haifi wani. Ga dai 'yan shawarwari.

Da farko ka zaɓi katun ɗaya, wanda da gaske ka kalla, ka rubuta sunayen jarumai biyar ko shida, ka tsaya a nan. An tsara kayan ne yadda ba za su ƙare ba, shi ya sa a bayan kwali ake jera hotunan sauran da ba ka da su. Ka yanke abin da za ka kashe a wata bayan an fitar da haya da na gida, kada kuma ka ci bashi a kan roba, ko da irin bashin nan ne da ake cewa ka ɗauka yanzu ka biya kaɗan-kaɗan.

Na biyu, ka sayi buɗaɗɗe. Ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma ka tsira daga masu sake manna leda a kan tsohon kwali, ko masu buga sabon kwali su tsufar da shi. Idan siffar kawai kake so, kamfanonin suna sake buga tsofaffin. Mattel ya fito da jerin Origins a 2020, masu kama da na 1982 amma da gaɓoɓin da suka fi motsi, a farashin shago.

Na uku, ka dubi farashin da aka riga aka sayar, ka manta da wanda mai kaya ya rubuta. A eBay akwai wurin da za ka latsa ya nuna maka cinikin da aka kammala kawai. Kowa na iya rubuta fam dubu a kan abin fam goma. Ka nemi hoton baya da ƙafa, inda ake buga sunan kamfani da shekara da ƙasar da aka ƙera. Shekarar ta mallakar zane ce, ba lallai ta zama ta ƙira ba: He-Man na farko 1981 ne a bayansa, duk da a 1982 ya shiga kasuwa. Ka tambayi mai kaya kai tsaye ko makaman na asali ne, don akwai na kwaikwayo da da ƙyar ake bambancewa. Ba kuma duk wanda aka yi a wata ƙasa ne jabu ba. Leo a Indiya da Top Toys a Ajantina sun yi He-Man da izini, masu tarawa kuma na nemansu ruwa a jallo.

Na huɗu, ka fita da ƙafarka. A Birtaniya akwai kasuwar bayan mota ta safiyar Lahadi da shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji, a Amurka akwai masu baje kayan gidansu a ƙofar gareji, a Riyad akwai Haraj bin Qasim. A nan ne ake tsintar abu a kwandon tarkace, ka gani da idonka, ka taɓa. Huɗu daga cikin shidan da nake da su a irin wannan kwando na same su, babu wanda ya wuce fam biyar.

Na biyar ya fi sauran muhimmanci: tsohon abin wasa ba na ƙaramin yaro ba ne, domin an yi shi kafin dokokin yanzu. A 1986 an janye wasu zakunan Voltron na ƙarfe, ƙirar Taiwan, daga kasuwar Amurka saboda dalma a fentinsu. A 2018 wani masani a Jami'ar Plymouth, Andrew Turner, ya gwada tsofaffin kayan wasan roba 200 daga gidaje da makarantun reno da shagunan gwanjo, ya samu sinadarai masu guba irin su dalma da kadmiyam a wasunsu, musamman ja da rawaya da baƙi. Mu da muka san abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba ma buƙatar dogon bayani. A ɗora tsohon can sama, a saya wa yaro sabo.

Akwai kuma tambayar da na san tana ran wasu, ta hukuncin ajiye siffofi a gida. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma da wannan malamai da yawa suka halatta su ga yara. Babba ya jera su don ado kuwa, a nan akwai saɓani, da yawa sun hana. Wannan fagen malamai ne, kowa ya tambayi wanda ya amince da shi kafin ya sayi kabad. Wanda ransa bai kwanta ba, akwai motoci da jirage da gine-gine. Wanda kuma ya saya da niyyar sayarwa ya tuna ya zama ɗan kasuwa, kayansa na shiga lissafin zakka idan sun kai nisabi, shekara ta zagayo.

Abu na ƙarshe. Turawa sun adana tarihin kayan wasansu har ya wuce misali. Netflix ta yi musu shiri na musamman a 2017, The Toys That Made Us, kuma akwai gidajen tarihi irin The Strong a Rochester ta jihar New York da Young V&A a Landan. Namu kuwa ana gama wasa ake jefarwa, yaran yanzu kuma waya ta ɗauke musu hankali. Saboda haka mai zuwa gida hutun nan ya nemi yaro mai hannu, ko kawun da bai manta ba, ya biya shi ya ƙera masa mota ɗaya, ya ɗauki bidiyon yadda ake yi. Ta gwangwani ta fi sauƙin wucewa a filin jirgi, don wasu ƙasashe suna hana shigo da kara da itace. Ba ta kai kilo ɗaya ba. Ya ajiye ta kusa da He-Man ɗin nasa, domin ranar da ɗansa da aka haifa a nan ya tambaye shi da me yake wasa yana yaro, ita ce amsar gaskiya.

Duk mai irin wannan tarin, ko mai tuna yadda ake ƙera motar kara a garinsu, ya rubuto mana. Sai mun haɗu a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.